Abokin Ɗaki Ba Alƙali Ba Ne: Zargin Neman Jinsi da Tsaron Ɗalibi a Ɗakunan Kwanan Makarantu a Yankin Kwali da Gwagwalada

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da ɗalibi ko ɗaliba ke shiga idan abokan ɗaki suka zarge su da luwaɗi ko maɗigo, ko zargin ya kasance gaskiya ko ƙage. An gina nazarin a kan dokokin da ke aiki a Birnin Tarayya, da hukuncin kotu, da binciken masana lafiya, da koyarwar addinan da mutanen wannan yanki suke bi. Takardar ta nuna cewa hujjoji uku da masu cin zarafin suke fakewa da su, wato doka da addini da al'ada, babu wadda ta ba abokin ɗaki izinin leƙe, ko duka, ko tona asiri, ko neman kuɗin toshiyar baki. Ta kuma nuna cewa makarantar da ta haɗa matasa a ɗaki ɗaya ita ce ke da alhakin tsare ran kowannensu. A ƙarshe an kawo shawarwari waɗanda hukumar makaranta za ta iya aiwatarwa ba tare da ta saɓa wa kowace doka ba.

1.0 Gabatarwa

Da an ambaci Kwali, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Amma wannan ƙaramar hukuma, ɗaya daga cikin shida na Birnin Tarayya, matattarar ilimi ce kuma. A nan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kwali take, makarantar kwana da ke ɗaukar yara daga sassan ƙasa. A Sheda akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, da Cibiyar Kimiyya da Fasaha, da hedikwatar hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu. Da an gangara kaɗan sai Gwagwalada, inda Jami'ar Abuja ta fara karatu a 1990, ga kuma asibitin koyarwarta. Can gaba ga Kwalejin Ilimi ta Zuba. Yaron da ya saba da gadon makarantar kwana a Kwali, sau da yawa shi ne zai je ya nemi gado a ɗakin kwanan jami'a, ko ya haɗa kuɗi da wasu su kama ɗaki a Gwagwalada ko Giri. A waɗannan ɗakuna Bagwari da Bahaushe da Bafulatani da Bayarabe da Ibo suke kwana su tashi tare, Musulmi da Kirista.

Ana yawan tattauna matsalolin waɗannan ɗakuna a taruka: ƙarancin ruwa, da cunkoso, da sata, da ƙungiyoyin asiri. Akwai ɗaya da ake kauce mata saboda nauyin baki, ita ce abin da ke samun ɗalibin da abokan ɗakinsa suka ce yana neman maza, ko ɗalibar da aka ce tana neman mata. Kunya ta hana malamai magana, tsoro ya hana ɗalibin kai ƙara, sai fili ya zama na mai sanda.

Ya kamata a fayyace iyakar wannan takarda tun daga farko. Ba ta zo yin muhawara kan halacci ko haramci ba. Matsayin mafi yawan 'yan Nijeriya sananne ne: a binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2019, kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce bai kamata al'umma ta amince da neman jinsi ba. Ba ta kuma zo tuhumar wata makaranta ba. Tambayarta ɗaya ce, kuma ta rai da mutunci ce: idan matashi yana kwana a ɗaki ɗaya da waɗanda suka tsane shi saboda abin da suke zato, wa zai tsare shi, kuma da wace hujja?

2.0 Yanayin Ɗakin Kwana

Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa gadajen da ke ɗakunan kwanansu ba su wuce na kusan kashi 10 cikin 100 na ɗalibai ba. Sakamakon wannan ƙaranci kowa ya san shi. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu sai ya ɗauki ninkin haka, wasu a kan gado mai hawa biyu, wasu a katifa a ƙasa, wasu 'yan raɓe ne waɗanda hukuma ba ta ma san da zamansu ba.

Wannan yanayi yana da illoli uku ga batunmu. Na farko, babu sirri. Waya tana caji a kan gadon wani, jaka a buɗe take, wanka da sauya kaya duk a idon jama'a. Na biyu, ba ɗalibi ne ke zaɓen abokin ɗakinsa ba, kuma rabuwa da shi ba abu ne mai sauƙi ba, domin wanda ya bar gadonsa a tsakiyar zango ba lalle ya sami wani ba, kuɗin haya a gari kuwa ya fi ƙarfin ɗan talaka. Na uku, ɗan raɓe ba shi da bakin kai ƙara, tunda kai ƙarar tona kansa ne. Ke nan wanda ake tsangwama yana kwana kowane dare kusa da mai tsangwamarsa, ba shi da ƙofar da zai kulle.

3.0 Yadda Zargi Ke Farawa da Inda Yake Kaiwa

Da wuya zargin ya fara da ganin ido. Yakan fara ne da salon tafiya, ko taushin murya, ko son girki da tsafta, ko rashin budurwa, ko shaƙuwar abokai biyu. A ɗakin mata, kwana a gado ɗaya saboda ƙarancin wuri ma ya isa a ƙulla magana. Masanin nan Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma fitar da littafinsa kan 'yan daudu a 2009, ya nuna cewa ɗabi'ar mata a jikin namiji abu ne daban, abin da mutum yake yi a ɓoye kuma abu ne daban, ɗaya ba ya tabbatar da ɗaya. A ɗakin kwanan ɗalibai ba a tsayawa wannan bambancewa. Sai ka ji an ce ai ruwa ba ya tsami banza, shi ke nan an gama shari'a.

Daga nan abin yakan hau mataki-mataki. Da farko habaici ne da laƙabi. Sai a daina cin abinci da shi, a ware masa bokiti da kwano, a matsar da katifa. Sai a fara bincika masa waya idan ya shiga wanka, a ɗauki hoton saƙonninsa a watsa a zauren WhatsApp na aji. Sai barazana: ko ka ba mu kaza, ko mu gaya wa mahaifinka, ko mu kira 'yan sanda. Wani lokaci ma tarko ake ɗana masa ta intanet, a yaudare shi zuwa wani wuri, a tuɓe shi, a ɗauki bidiyo, a dinga tatsar kuɗi. Wannan ta'asa da ake kira kito ta yaɗu har sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya yi shiri a kanta a 2023. Mataki na ƙarshe shi ne taron dangi da duka da watso kaya waje.

Wanda yake ganin wannan labarin wata ƙasa ce, to ya tuna Gishiri, unguwar da ke cikin Abujan nan. A watan Fabrairun 2014, 'yan makonni bayan sa hannu a dokar hana auren jinsi, wasu gungun mutane ɗauke da sanduna da ƙarafa suka bi ɗaki-ɗaki cikin dare, suka fito da matasa 14 daga makwancinsu suna duka, suna cewa za su tsarkake unguwa.  Sai wanda ya san inda kake kwana ne ke iya kai mutane kanka da tsakar dare.

Misalin da ya fi shahara a duniya kan abokin ɗaki ya faru ne a Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey a Amurka. A watan Satumban 2010, abokin ɗakin wani sabon ɗalibi mai shekara 18, Tyler Clementi, ya saita kyamarar kwamfuta ya leƙe shi tare da wani namiji, ya kuma yayata a Twitter yana gayyatar wasu su kalla. Clementi ya kai kuka ga mai kula da ɓangarensu, ya nemi a sauya masa ɗaki. A ranar 22 ga watan ya kashe kansa. Babu wanda ya taɓa lafiyar jikinsa. Leƙe da tonon silili kaɗai aka yi masa. Jihar ta kafa doka mai tsauri kan cin zalin ɗalibai a farkon 2011, amma bayan rai ya riga ya salwanta.

Mu 'yan Nijeriya mun san inda hukuncin taron jama'a yake ƙarewa. A ranar 5 ga Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata da bai tabbata ba, kuma a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan wannan ɗanyen aiki. A watan Maris na 2025 aka hallaka mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa gida yin Sallah, saboda wani ya ce masu garkuwa da mutane ne. Duk Arewa ta yi kuka, kuma kukan yana kan gaskiya. Hujjar da muka kafa a ranar ita ce zargi ba shaida ba ne, kuma jama'ar titi ba kotu ba ce. Wannan hujja ba ta canzawa don zargin ya canza.

4.0 Illa ga Lafiya da Karatu

Masanin Amurka Ilan Meyer ya bayyana a 2003 cewa abin da ke raunata lafiyar ƙwaƙwalwar masu sha'awar jinsinsu shi ne matsin da suke rayuwa a cikinsa: cin zarafin da ya riga ya faru, da fargabar wanda zai faru, da wahalar ɓoye kai dare da rana, da kuma tsanar kai da mutum ke koya daga bakin jama'a. Wani nazari da Michael King da abokan aikinsa suka buga a 2008, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa yunƙurin kashe kai a tsakaninsu ya ninka na sauran mutane kusan sau biyu.

A gida Nijeriya ma an auna. Likitan ƙwaƙwalwa Olakunle Oginni da abokan aikinsa na Ile-Ife sun kwatanta ɗaliban jami'a maza 81 masu sha'awar jinsinsu da wasu 81 da ba haka suke ba, suka buga sakamakon a 2018. Ciwon damuwa ya kama kashi 16 cikin 100 na rukunin farko, na biyun kuwa ƙasa da kashi 5. A Abuja kuma, binciken da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015 ya gano cewa bayan dokar 2014, masu tsoron zuwa asibiti a cikin maza masu neman jinsinsu da aka bibiya sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin 100. Wanda ke tsoron asibiti ba ya gwajin cutar ƙanjamau, ba ya karɓar magani, kuma wannan asara ce ga lafiyar kowa da kowa.

Malamin aji yana ganin alamun, ko da bai san sanadin ba. Ɗalibin da ba ya barci a ɗakinsa sai a aji ko masallaci ko coci, wanda ya daina zuwa lacca, wanda makinsa ya faɗi ba zato, wanda kullum yake neman rance alhali ba ya sayen komai, wanda ya tafi hutu bai dawo ba. Iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya kuɗin makaranta, yaro ya dawo ba takarda, ba kuma zai iya faɗin dalili ba.

5.0 Abin da Doka Ta Ce

Masu cin zarafi sukan ce ai gwamnati ma ta haramta. Gaskiya ne akwai dokoki, kuma wannan takarda ba ta ɓoye su ba. Sashe na 284 na kundin Penal Code, wanda ke aiki a Birnin Tarayya, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan saduwar da ya kira ta saɓa wa ɗabi'a. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 ga masu ƙulla auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna soyayyar a bainar jama'a. Jihohi 12 na Arewa suna da kundin shari'ar Musulunci, amma Birnin Tarayya ba ya cikinsu.

Sai dai a lura da abin da waɗannan dokoki ba su ce ba. Ba su hukunta salon tafiya ko murya ko abin da ke zuciyar mutum ba. Ayyuka suka ambata, waɗanda sai an tabbatar da su a gaban alƙali. Ba su ɗora wa ɗalibi aikin leƙen abokin ɗakinsa ba. Ba su ba kowa izinin ɗaga hannu ba. Ko hukuma da ƙarfinta tana iya gaza kawo shaida: a Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, suka nuna su ga 'yan jarida, aka gurfanar da 47, amma a Oktoban 2020 kotu ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa ci gaba da shari'ar. Kafin nan da yawansu sun rasa aiki da muhalli.

A ɗaya ɓangaren, abin da abokin ɗaki yake aikatawa laifi ne ƙarara. Tsarin Mulki na 1999 ya tsare rai a sashe na 33, da mutunci a sashe na 34, da haƙƙin a saurari mutum kafin hukunci a sashe na 36, da sirrin gida da saƙonni da maganar waya a sashe na 37, kuma bai ware kowa ba. Penal Code ɗin da ake kafa hujja da shi ya hukunta ƙwace ta hanyar tsoratarwa, da ɓata suna, da barazana, da raunata mutum. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, a Birnin Tarayya ta fara aiki. Sashenta na 14 ya hukunta cin zarafi ta baki da muzantawa, na 18 kuma ya hukunta tsoratarwa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi mai aika barazana ta waya. Ga yaran sakandare akwai ƙarin kariya a dokar haƙƙin yara ta 2003. Hukumar Afirka mai kula da haƙƙin ɗan'adam kuma, a zamanta na Luwanda ta ƙasar Angola a 2014, ta zartar da ƙuduri mai lamba 275 da ya yi tir da cin zarafin mutum saboda wannan hali, ko nasa ne da gaske ko jingina masa aka yi.

Ita ma makaranta tana da iyaka. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda ta biyo bayan tarzomar ɗalibai ta 1983, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban a 1986. Ta ce zargin da ya kai matsayin laifi kotu ce ke da hurumin yanke shi, kuma wanda abin ya shafa ba ya zama alƙali a kai. Idan kwamitin ladabtarwa na jami'a bai da wannan iko, ina ga 'yan ɗaki su shida da bel a hannu?

6.0 Abin da Addini da Al'ada Suka Ce

Hujjar da ta fi ƙarfi a zuciyar matashi ita ce ta addini, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Malaman Musulunci da na Kirista a ƙasar nan, mafi yawansu, suna ɗaukar aikin a matsayin zunubi. Amma addinin da ya yi magana kan aikin, ya yi magana kan mai zargi ma, kuma wannan rabin ne ake mantawa.

Suratul Hujurati a aya ta 6 ta umarci a tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci, a aya ta 11 ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, a aya ta 12 ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Duk matakan da aka lissafa a sashe na 3.0 suna cikin waɗannan ayoyi uku. Suratun Nur ta tanadi bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma hana karɓar shaidarsa. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ta bayyana cewa wanda ya jefi mutum da luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa, kuma a mazhabar Malikiyya ko habaici ya yi bai tsira ba. Littafin da ya tsananta hukuncin aikin, shi ne ya tsananta hukuncin mai jifa da shi ba shaida. Tsayar da haddi kuwa aikin shugaba ne da alƙali, malamai ba su bar shi a hannun ɗaiɗaikun mutane ba. Saboda haka ɗalibin da ya buɗe wayar ɗan'uwansa, ya yaɗa abin da ya gani, ya tara mutane suka yi duka, ya aikata haramun uku tabbatattu don ya hukunta ɗaya da yake zato.

Ɗalibi Kirista ma ya san labarin da ke Yohanna sura ta 8, inda aka kawo mace don a jefe ta, masu duwatsun suka watse ɗaya bayan ɗaya da aka mai da su ga nasu zunubin. Ya san Matiyu sura ta 18, wadda ta sa nasiha a keɓe a matsayin matakin farko, da kuma hanin shaidar zur da ke cikin Dokoki Goma.

Al'ada ba ta saɓa da wannan ba. Babu addu'ar da Bahaushe ya fi so a yi masa kamar ta rufin asiri, kuma shi ne ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, amana da mutunci da kunya da adalci suna cikinsu. Wanda ya yi barci a gabanka ya bar wayarsa da jakarsa, amana ya ba ka. Mai tatsar kuɗi da sunan kishin addini kuwa, ba kishi ne ya motsa shi ba, domin da an biya shi sai ya yi shiru.

7.0 Haƙƙin Abokin Ɗaki Shi Ma

Adalci ya buƙaci a faɗi ɗaya gefen. Akwai ɗalibin da aka taɓa jikinsa ba da yardarsa ba, ko babba ya matsa wa ƙarami a makarantar kwana. Wannan cin zarafi ne, ko daga namiji ya fito ko daga mace, kuma dokar VAPP ta amince cewa namiji ma ana iya yi masa fyaɗe, ta tanadi hukuncin da zai iya kai ɗaurin rai da rai. Irin wannan ɗalibi ya cancanci a saurare shi da gaggawa, a kuma hukunta wanda ya cuce shi bayan bincike. Akwai kuma wanda ba a yi masa komai ba, zaman ne kawai bai kwanta masa a rai ba. Shi ma yana da damar neman a raba su. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya mai da rashin jin daɗinsa hukunci a jikin wani. Hanyar kai ƙara mai aminci tana amfanar duka biyun, domin inda babu ita ne mutane ke ɗaukar doka a hannunsu.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, Sashen Harkokin Ɗalibai na kowace makaranta ya ware 'yan gadaje na ko-ta-kwana, ya kuma ba da damar sauya ɗaki cikin kwana ɗaya ko biyu ga duk wanda ya ce yana tsoron lafiyarsa, ba tare da an tilasta masa bayyana dalili ba. Tilasta bayani shi ne ke hana kai ƙara. Ɗan raɓen da ya kawo kuka a fara tsare shi kafin a yi maganar raɓensa.

Na biyu, littafin dokokin ɗalibai ya ambaci bincika wayar wani, da ɗaukar hotonsa a ɓoye, da yaɗa zargi a zaurukan sada zumunta, da neman kuɗi da barazana, da dukan taron dangi, a matsayin manyan laifuffuka, ko mene ne zargin da aka fake da shi. A karanta wa sababbin ɗalibai wannan a makon karɓarsu.

Na uku, a horar da masu kula da ɗakunan kwana da masu gadi da shugabannin ɗalibai cewa aikinsu na farko idan rikici ya tashi shi ne fitar da wanda aka taru a kansa zuwa wuri mai tsaro. Ba a yi masa tambayoyi a gaban jama'a, ba a ɗaukar bidiyo, ba a tilasta masa amsa laifi.

Na huɗu, a ƙarfafa sashen ba da shawara da asibitin makaranta, a tabbatar abin da ɗalibi ya faɗa wa likita ko mai ba da shawara bai fita ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta ƙarfafa wannan sirri.

Na biyar, limaman masallatan makaranta da fastoci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da Kirista su riƙa karantar da hukuncin ƙazafi da leƙen asiri da shaidar zur. Matashi ya fi jin wannan daga bakin malaminsa fiye da takardar sanarwa a allo.

Na shida, hukumar NERDC da ke nan Sheda ta faɗaɗa darasin cin zali da hukuncin taron jama'a a manhajar ilimin zama ɗan ƙasa, daidai da manufar ƙasa ta 2021 kan makarantu masu aminci, domin tun a sakandare ake koyon halin.

Na bakwai, ga ɗalibin da yake cikin wannan hali: ya kulle wayarsa, ya adana saƙonnin barazana, ya guji zuwa haɗuwa da wanda bai sani ba, ya bar ɗakin tun kafin magana ta zama duka. Ya sani cewa mai tatsar kuɗi ba ya ƙoshi, biyan farko ƙofar na biyu ne. Ya nemi lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Abuja, ya kuma sami babba ɗaya mai riƙon amana da zai gaya wa. Idan tunanin kashe kai ya fara zuwa masa, ya je wurin likita a ranar.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi hujjojin da ake kafawa wajen muzguna wa ɗalibin da ake zargi da neman jinsinsa, ta tarar doka ta bar hukunci ga kotu, addini ya haramta leƙe da ƙazafi, al'ada kuma ta ɗaukaka rufin asiri da amana. Ta nuna cewa zargin yakan faɗa kan mai hali da marar hali, kuma ƙarshensa asarar karatu ne, ko lafiya, ko rai. Ba a nemi kowa ya sauya aƙidarsa ba kafin ya yarda da wannan. Abin da ake nema shi ne shugabannin makarantu, da malamai, da limamai da fastoci, da iyaye, su tsaya a kan cewa duk yaron da aka ba makaranta amanarsa dole ya kwana lafiya ya tashi lafiya. Ina kira ga masu riƙe da harkokin ɗalibai da su buɗe hanyar sauya ɗaki da kai ƙara cikin sirri tun a wannan zangon karatu, kada a jira sai an ɗauko gawa.